Ranar da Hayaƙi Ya Cika Otal Ɗinmu a Madina

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi a Madina. Wasu sun fara dusashewa a raina, wasu sai an tuna mini. Amma akwai wata ranar azumi da hayaƙi ya cika otal ɗin da nake aiki, wannan kam ba na jin zan manta da ita har in koma ga Allah.

A lokacin ina ɗalibi a jami'a, na yi nisa da karatu, ga iyalina na ɗauko muna zaune a wani ɗan gida wajen Ƙuba. Idan lokacin Umara ya kankama, manyan otal-otal ɗin da ke kewaye da Masallacin Annabi sukan nemi masu jin harsunan baƙi. Wani abokina ya yi mini hanya aka ɗauke ni tafinta na ɗan lokaci a ɗaya daga cikinsu. Aikina shi ne in tsaya kusa da teburin karɓar baƙi, wanda a can ake ce wa istiƙbal, duk wanda ya zo da Hausa a bakinsa sai a kira ni. Wani makullin ɗakinsa ya ƙi buɗewa, wata ta ɓace wa 'yan rukuninta, wani kuwa tuwo kawai yake nema.

Kafin a bar ni in tsaya gaban baƙo ko ɗaya, sai da aka zaunar da mu sababbin ma'aikata aka yi ta koya mana. Mai horar da mu wani dattijo ne ɗan Indunusiya, wanda ya fara da ɗaukar jakunkunan baƙi tun yana saurayi, ya yi wa kamfanin aiki a ƙasashe da dama kafin ya roƙi a kawo shi Madina. Shi ya ba mu tarihin kamfanin. Ya nuna mana hoton wani ɗan ƙaramin masauki a bakin hanya, a wata ƙasa mai nisa, wanda wani mutum da matarsa suka fara da shi. Mijin yana tarbar matafiya, matar tana girki da gyaran shimfiɗa. 'Ya'yansu suka buɗe wani a gari na gaba, jikoki suka tsallaka teku da sana'ar, har abin ya zama kamfanin da yau da wuya ka sauka babban birni ba ka ga ɗaya daga cikin otal-otal ɗinsa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jin cewa ginin da muke ciki ba ma na kamfanin ba ne. Na wasu mutanen Madina ne, su suka gina abinsu. Kamfanin suna ya kawo, da tsarin aiki, da horar da ma'aikata, da hanyar da mutum zai kama ɗaki tun yana garinsu, sai a raba amfanin bisa yarjejeniya. Ashe har wasu otal ɗin da ke layinmu, masu sunaye daban, duk a ƙarƙashinsa suke, wani na masu hali, wani na matsakaita. Kuma kowace ƙasa da irin yadda kamfanin yake tafiya da ita. A Madina akwai alamar alƙibla a kowane ɗaki, da lasifikar da ke kawo sallar Harami har bakin gado, da masu girkin da ke tashi tsaye don sahur. Dattijon ya ce abu ɗaya ne ba ya canjawa ko'ina ka je, wato baƙo idan ya shigo ya zama amana har ranar da zai fita.

Cikin abubuwan da aka fi matsa mana akwai atisayen gobara. A buga ƙararrawa ba zato, kowa ya san inda zai tsaya da abin da zai yi. Har da koyon yadda ake ɗaure mutum a wata kujera ta musamman a sauko da shi ta matattakala. Muna yi muna dariya, don wani ƙaton mai gadi ake ɗora mana a kai.

Shugaban ɓangarenmu ɗan ƙasa ne, haifaffen Madina, amma jinin Hausawa. Kakanninsa daga wajen Damagaram suka taso da ƙafa, suka bi ta Sudan, suka yi shekaru a hanya, da suka iso kuma ba su koma ba. Dogon mutum ne mai natsuwa, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Yana jin Hausa sarai, don idan alhazai suna tsokanar juna sai ka ga yana danne dariya. Amma ko da Hausa ka yi masa magana, da Larabci zai ba ka amsa. Shi yakan ce mini ya Shaikh cikin zolaya, ni kuma in ce masa Ustaz.

Ranar da abin ya faru, an idar da Azahar, rana ta take, otal ɗin ya cika maƙil da masu Umara. Yawancin masu ƙarfi suna can Harami suna karatu, waɗanda suka rage a ɗakuna galibi tsofaffi ne da mata da masu barcin rana. Ina tsaye ina yi wa wani Alhaji bayanin inda zai hau motar zuwa Ƙuba, sai ƙararrawa ta ɗauka. Da farko na ɗauka atisaye ne, har na ji haushi a raina, na ce ko a azumi ba za a bar mu ba. Sai na ga fuskar Ustaz. Yana riƙe da 'yar rediyon hannunsa a kunne, ya dube ni ya ce, "Hariƙ, ya Shaikh. Wannan na gaske ne." Hariƙ shi ne gobara da Larabci.

Daga baya muka ji cewa wani injin busar da kaya ne ya kama a ɗakin wanki, can ƙarƙashin ginin. Wutar ba ta yi nisa ba, amma hayaƙinta ya bi ta hanyoyin iska ya hau sama. A lokacin ba mu san haka ba. Abin da muka sani kawai shi ne wari ya fara shigowa, lif duka sun sauko sun tsaya, lasifika tana ta maimaita sanarwa da Larabci da Turanci da Urdu.

Abin da na gani cikin ɗan lokacin nan har yau yana burge ni. Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya ruga waje. Masu girki suka kashe murhu suka fito, kowa ya zura rigar nan mai ƙyalli ya nufi matattakalar da aka ba shi. Masu gyaran ɗaki suka bi ƙofa-ƙofa suna ƙwanƙwasawa, ɗakin da suka tabbatar babu kowa su manna masa alama. Mutanen da kullum nake gani suna tura keken tawul ko goge madubi, yau su ne ke jan ragamar ɗaruruwan alhazai.

Ustaz ya kama hannuna ya ce in biyo shi. Tun ranar da baƙo ya sauka, idan ba ya iya tafiya da kansa ana yi wa ɗakinsa alama a na'ura, kuma an gaya wa Ustaz akwai wani ɗaki a can sama da aka ƙwanƙwasa aka ƙi buɗewa, ga shi mutanen ciki Hausawa ne. Na san su. Wani tsoho ne daga wajen Gumel mai shanyewar ɓarin jiki, da matarsa, da babban ɗansu da ya kawo su. Muka hau matattakala muna gewaya jama'ar da ke saukowa. Ban san akwai sauran ƙarfi a jikina haka ba, ga azumi, ga takalmin aiki yana matse ni.

Da muka isa, hayaƙi ya fara taruwa a saman barandar. Ustaz ya sa makullinsa, amma an saka sakata ta ciki. Na yi sallama da ƙarfi, na ce Hajiya ni ne ɗan Kanon nan na ƙasa, wanda ya nemo miki garin kunu shekaranjiya. Sai na ji muryarta, ta ce ɗanta ya tafi masallaci, kuma ya ce kada ta buɗe wa kowa. Ta ji ƙarar, ta ji ana ta magana ta bango, amma ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba. Na ce mata gobara ce, ta buɗe don Allah. Ta buɗe.

Tsohon yana kwance a gado an jingina shi da matasai, fuskarsa na kallon taga. Daga nan ana hango koriyar ƙubbar masallaci. Ustaz ya fita da sauri ya jawo kujerar saukowa daga bakin matattakala, ni kuma na durƙusa na yi wa tsohon bayani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Maganarsa ba ta fita sosai saboda ciwon, amma na ji shi. Ya ce mu tafi da Hajiya, shi a bar shi. Ya ce shekara da shekaru yana roƙon Allah ya ɗauki ransa a wannan gari, ga shi an kawo shi, ga azumi a bakinsa, ba zai wahalar da 'ya'yan mutane su ɗauke shi kamar buhu ba. Hajiya ta zauna a bakin gadon ta ce idan ba ya tafiya ita ma ba inda za ta.

Na shiga lallashi, na ce addini bai yarda mutum ya zauna wa halaka ba. Ya gyaɗa kai kamar mai cewa ya sani, amma ya damƙe ƙarfen gadon da hannun nan ɗaya. Hayaƙi ya fara shigowa ɗakin, Hajiya ta fara tari. Za mu iya ɗaukarsa da ƙarfi, kuma da ya ƙara jinkiri haka za mu yi, amma mutum mai irin ciwonsa idan yana turjewa a matattakala, ana iya rasa shi a rasa mai ɗauke da shi.

Sai Ustaz ya tuɓe kwat ɗinsa ya ajiye, ya durƙusa gaban gadon, ya kama hannun tsohon. Na buɗe baki zan fassara masa, sai na ji ya yi magana da Hausa. Wata irin Hausa ce mai nauyi, a hankali, kamar yana tono kowace kalma daga rami.

"Baba," ya ce, "kai baƙon Manzon Allah ne, kuma baƙona ne. Ba a barin baƙo cikin hayaƙi. In Allah ya rubuta ka kwanta a garin nan za ka kwanta, amma ba yau ba, ba a hannuna ba. Ka taimake ni, Baba."

Tsohon ya juyo da kai ya ƙura masa ido. Ya ce, "Kai ɗan wane ne?"

"In mun sauka zan gaya maka."

Na ga yatsun nan sun saki ƙarfen gadon ɗaya bayan ɗaya.

Muka ɗaga shi muka ɗora a kujerar, muka ɗaure shi ƙirji da ƙafa kamar yadda aka koya mana. Hannuwana suka yi aikin da kansu ba tare da na tsaya tunani ba. Ustaz ya jiƙa tawul ya ba kowa ya rufe hanci. Shi ya shiga gaba yana saukowa da baya yana tare kujerar, ni ina riƙe da ita ta sama, Hajiya ta kama bakin rigata tana salati. A kowane hawa akwai ma'aikaci tsaye da tocila yana nuna hanya, wannan ɗan Bangaladash, wancan ɗan Masar, kowa yana cewa a hankali da harshen da ya iya. Babu wanda ya bar wurinsa, alhali su ma hayaƙin suke shaƙa, su ma da azumi.

Da muka yi nisa ƙarfina ya fara ƙarewa. Wani mai girki ɗan Sudan da ke tsaye a hawan ya lura. Ya miƙa mini tocilarsa, ya karɓi kujerar, ni na tsaya a madadinsa ina haska wa mutane har wani ya zo ya canje ni. Sannan na kama hannun Hajiya muka bi bayansu. 

Muka fito cikin hasken rana. 'Yan kwana-kwana sun riga sun iso sun shiga ƙasan ginin. An tara baƙi a filin da aka tanada, rukuni-rukuni, babban manajan otal ɗin, wani Baturke mai furfura, yana bi da kansa yana tabbatar da kowa ya fito. Can tsallaken titi kuwa sai na ga ƙofofin ɗaya otal ɗin, ɗan'uwan namu mai suna daban, a buɗe wangale. Ma'aikatansa sun fito da kekunan guragu da lema, suna kwasar tsofaffi zuwa cikin sanyi. Ba a tsaya tambayar wane ne baƙon wa ba.

Muna cikin haka ɗan tsohon ya iso a guje, ba takalmi, don a ƙofar masallaci ya ji labari ya bar su can. Ya kutsa cikin jama'a yana kiran sunan mahaifiyarsa. Da ya gan su zaune, ma'aikaciyar jinya tana duba numfashin baban, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Hajiya ce ma ta koma tana ba shi haƙuri.

An kashe wutar ba da jimawa ba. Babu wanda ya rasa ransa. 'Yan kaɗan aka kai asibiti saboda tari, suka dawo a ranar. Amma an ce ba za a kwana a ginin ba sai an fitar da hayaƙin an duba komai. Ni dai na ɗauka yau alhazai za su kwana a farfajiyar Harami, don a irin wannan lokaci samun ɗaki a tsakiyar Madina sai wanda ya shirya tun da wuri. A nan na ga amfanin girman kamfanin. Da yake otal-otal ɗin nasa duk tsarinsu ɗaya ne, aka raba baƙinmu a tsakaninsu, tsofaffi da marasa lafiya a mafi kusa, masu ƙarfi a na gaba, wasu ɗakunan taro aka mai da su wurin kwana da gadaje masu tsabta. Da aka ba da izinin shiga, abin da aka fara ɗaukowa magungunan mutane ne, kafin jaka, kafin komai. Kafin Magariba tsohon nan yana kan sabon gado, ledar maganinsa a gefensa.

A babban zauren otal ɗin tsallake aka yi buɗe-baki. Masu girkin gidajen biyu suka haɗu suka fitar da abinci kamar dama an shirya taron. Da aka kira salla na kai dabino baki. Na duba gefe na ga mai girkin nan ɗan Sudan yana raba miya, idanunsa jajur saboda hayaƙi, ko zama bai yi ba.

Bayan salla tsohon ya aiko a kira masa mu. Ya ce wa Ustaz ai sun sauka, sai ya cika alkawari. Ustaz ya zauna a ƙasa kusa da gadon, ya ba shi labarin kakanninsa, rabi da Hausa, inda ta ƙare masa ya cike da Larabci ni in fassara. Tsohon ya yi murmushi da ɓarin bakinsa mai lafiya, ya ce rabon da ya ji irin wannan Hausar tun mahaifiyarsa na da rai. Ya dafa kan Ustaz ya yi ta sa masa albarka, yana ce masa jikana.

Da muka fito na tambayi Ustaz me ya sa bai taɓa yi mini Hausa ba. Ya ce kunya yake ji, don da kakarsa kaɗai ya saba yinta, tun da ta rasu kuma ya ajiye, yana tsoron a yi masa dariya. Ya nuna mini wani wuri a shimfiɗaɗɗen filin da ke gaban masallaci, ya ce a wajen nan gidanta yake kafin a rushe unguwar a faɗaɗa Harami. Duk shekara alhazan ƙasarmu a gidanta suke sauka, ta shimfiɗa musu tabarmi, ta dama musu fura.  Sannan ya ce, "Aikinta nake yi, ya Shaikh. Gidan ne kawai ya ƙara tsawo."

Bayan 'yan kwanaki aka buɗe otal ɗin, wasu mutane suka zo daga ofishin kamfanin na yankin. Na ɗauka za a zo neman wanda za a ɗora wa laifi. Sai na ga sun zauna da mu ɗaya bayan ɗaya, har masu shara, suna tambayar me ya yi daidai, me ya ba mu wahala. Ni na ce sanarwar ba ta da Hausa, kuma saboda haka wata tsohuwa ta kulle kanta da mijinta a ɗaki. Ban ɗauka maganar za ta je ko'ina ba. Kafin in bar aikin aka kira ni wani ɗan ɗaki, aka sa mini makirfo, na karanta sanarwar da Hausa aka naɗa, aka yi wa masu wasu harsunan haka. Daga baya wani abokina da ya sauka a otal ɗin kamfanin a Makka ya bugo mini waya yana dariya, ya ce an yi atisaye ya ji muryata tana fitowa daga silin tana cewa a bi matattakala a hankali.

Ba na cewa mutanen nan waliyyai ne. Kasuwanci suke yi, sunansu suke karewa, aikin akwai gajiya, kuma na san alhazai da yawa da ɗakunan nan sun fi ƙarfinsu. Amma na ga kasuwancin da aka gina shi a kan cewa ran wanda ya kwana ƙarƙashin rufinka yana wuyanka, na kuma ga ranar da aka gwada maganar ba ta karye ba. Tsohon nan ya wuce Makka ya yi Umararsa a keke, ya koma gida cikin jikokinsa.

Da na gama karatu na dawo gida, aka ba ni kula da wata makarantar kwana. Ranar da na fara zagayawa, na tarar da ƙofar bayan ɗakin kwanan ɗalibai da ƙaton kwaɗo ya yi tsatsa, tagogi duk an yi musu ƙarfe, makullin kuwa babu wanda ya san inda yake. Aka ce mini ai shekara da shekaru haka take, Allah yana tsarewa. Na ce haka ne, Allah ne mai tsarewa, a kira mini mai walda. Ban bar wurin ba sai da na ga ƙofar a buɗe. Abin da na koya ke nan a Madina: tausayin mutane ba ranar da masifa ta zo ake fara shi ba. Ana fara shi ne tun ana zaune lafiya, lokacin da kowa ke ganin ɓata lokaci kake yi.